Uwaisu Ya Rina Man Mota

Uwaisu ya naɗa kansa shugaban gareji tun kafin kowa ya nemi ra'ayinsa. Aikinsa a masaƙar Alhaji Isyaku da ke Sharada shi ne bin injuna da gwangwanin giris yana shafa wa duk inda ke kuka. Amma in ka ji shi a bencin Atika mai shinkafa da wake, a bakin ƙofar masaƙar, sai ka ɗauka shi ya ƙera injunan, sauran ma'aikata kuma alfarma yake musu da ya bar su suna taɓawa. Ya taɓa yin 'yan watanni yana wankin motoci a wani gareji a Bompai, kuma a bakinsa waɗannan watannin sun daɗe da zama kwas.

A bazarar 1981 tsohon shugaban garejin masaƙar ya ajiye aiki ya koma garinsu noma. Kujerar da ya bari tana da ofis mai fanka, da babur na kamfani, da farar rigar aiki wadda ba ta taɓa haɗuwa da giris ba. Uwaisu ya gwada rigar a zuciyarsa, ya ga ta zauna masa daidai. Saura Alhaji ya gani.

Alhaji kuwa a lokacin motarsa ce kaɗai a gabansa. Doguwa ce ƙirar Amurka, launin madara, wadda ya saya a hannun wani Bature injiniya da ya koma gida tuntuni. Ma'aikata na kiranta Jirgi, saboda tsawonta da yadda take lilo a kwana. Ba ta da kuloci, ita ke canza wa kanta giya, ga kuma iyakwandishan, a zamanin da sanyin yawancin masu mota a Kano shi ne su sauke gilashi. Tsufa ya kama ta ta wuri biyu. In an sa mata giya sai ta tsaya ta yi dogon tunani kafin ta motsa, iyakwandishan kuma ya koma hura iska irin ta waje, da ƙarin ƙara.

Ran Litinin Uwaisu ya tarar da Alhaji tsaye a gindinta, direba ya ɗaga bonet yana duban injin irin duban da ake yi wa mara lafiyar maƙwabta.

"Ranka ya daɗe," in ji Uwaisu, "motar nan ba ta da ciwon komai. Hannu ta rasa."

"Hannun wa?"

"Na wanda ya san ta. Irinta na kwance na ɗaura a Bompai har na gaji. Baturen da muka yi aiki tare, in ta gagare shi, ni yake aikawa a kira."

Alhaji ya dubi gwangwanin da ke hannunsa. "Ikon Allah. Muna da kai a gidan nan, muna ta ba ka giris."

"Ni ban iya faɗin kaina ba ne, ranka ya daɗe."

Da a wani makon ne, da maganar ta tsaya nan. Amma masu gyaran irin motar a Bompai sun ce sai sun riƙe ta sun jira kaya daga Legas, ga shi ran Asabar Alhaji zai kai yayarsa Hajiya Bara'atu walima a Nassarawa. Hajiya ce ke da fiye da rabin masaƙar, kuma ba ta shiri da zafi.

"To, ji nan," in ji Alhaji. "In ran Asabar ta tafi sumul, Yaya kuma ta ji sanyi, gareji naka ne. In ba haka ba, gwangwaninka ba inda za shi."

Uwaisu ya fara da giya. Ya zaro tsinken awon man giyabos, ya same shi kusan a bushe, sai ɗigon wani jan mai a ƙarshensa. Ya riƙe tsinken a sama kamar tuta ya nufi sito, wurin Baffa Tijjani, dattijon da ke riƙe da makullan kayan masaƙar.

"Baffa, jan mai nake so, na giya."

"Babu. Man inji muke da shi, sai giris ɗinka. Jan sai an aika Legas."

Uwaisu ya murza ɗigon tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, sannan ya yi dariyar mutumin da ya kama ɓarawo a cikin rumbu.

"Baffa, kun san mene ne wannan? Man inji ne. Rina shi suka yi."

"Su wa?"

"Turawa mana. Su zuba launi, su canza gwangwani, su ce na musamman ne, mu kuma mu zauna jiran Legas. To, a Kano za a koya mana rini?"

Baffa Tijjani ya gyara gemu. "Ni aikina in ba da abin da aka nema. Ga man inji. Amma in an tambaye ni, wannan bayanin ban ji shi ba."

Uwaisu ya ɗauki bokitin mai ya shiga sashen rini. Garin jan launi ya ƙi narkewa a cikin man, ya kwanta a ƙasa abinsa. Marinan suka ce masa su dai da ruwan zafi da gishiri suke dama shi. Ya ce da ma yana gab da faɗin haka. Aka dama a ruwan zafi, aka zuba gishiri, ya juye cikin man ya kama kaɗawa da muciyar rini har gumi ya jiƙa shi. Gaskiya launin ya fito. Ko wanda ba ya ƙaunar Uwaisu bai musa launin ba. Ya ɗura wa giyabos da mazurari har ya tumbatsa, a bisa hujjar cewa tunda ƙarancin mai ne ciwon, yawansa ba zai zama laifi ba.

Sai iyakwandishan. Wuni guda ya yi zaune a cikin motar, inji a kashe, fanka a kunne, yana kasa kunne yana kaɗa kai. Da yamma ya sanar cewa gas ne ya ƙare. Wannan daidai ne, kuma a bakin direba ya ji. Inda za a samo gas ɗin ne ya rage, shi kuwa a bencin Atika ya same shi, bayan ya shanye kwalbar lemo ya yi gyatsa.

"Atika, me ke sa lemon nan tsartuwa in an buɗe?"

"Gas, aka ce."

"Da sanyi ko babu?"

"Da sanyi, tunda cikin ƙanƙara na binne shi tun safe."

"Ke kin tsaya a ƙanƙara. Mu da muka yi karatun abin mun san sanyin a cikin gas ɗin yake kwance. Ƙanƙara tashinsa kawai take yi."

"To ga wanda ya wuni a rana can, ɗauki ka tashe shi da kanka."

Masu cin abinci suka yi dariya. Uwaisu ya ce ba a yi wa mai tuƙa tukunya bayanin injiniya. Atika ta ce ita dai tukunyarta abin da ta sa shi take kwashewa.

Yana da maƙwabci a Panshekara mai aiki a wani kamfanin lemo a Challawa. Washegari sai ga Uwaisu ya turo keke, an ɗaure masa tulun gas a baya kamar ragon suna. Bakin tulun da bakin tiyon motar ba su san juna ba, sai ya haɗa su da yankin roba na tsohon tuf ɗin keke, ya naɗe ya ƙara naɗewa. Ya sa masu kallo su ja da baya don kada sanyi ya yi musu illa, sannan ya murɗe kan tulun gaba ɗaya.

Ƙarar da ta biyo baya ta fito da masu saƙa daga ɗakin injuna a guje, sun zaci tukunyar tururi ce ta fashe. Maigadi aka same shi a ƙarƙashin bencinsa yana salati. Da farin hayaƙin ya lafa, sai ga tiyon iyakwandishan ya tsage gida biyu yana reto, Uwaisu kuma tsaye, girarsa ta yi fari.

"Toshiya ce ta fita," in ji shi. "Amma ku faɗi tsakaninku da Allah, kun ji sanyi ko ba ku ji ba?"

Na kusa suka yarda cewa sun ɗan ji.

"To, shi ake nema."

Tiyon dai ba mai ɗinkuwa ba ne. Uwaisu ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari yana jan duk wayar da hannunsa ya kai gare ta, ko zai gano wata hanyar. Wasu suka cire, ya tura su ciki ya ce ba su da aiki. A nan ya ci karo da wani ɗan hannu mai zamewa daga shuɗin zane zuwa ja, an ɗaure shi tamau da waya a ɓangaren shuɗin. A ƙasar da aka ƙera motar ana yin sanyin da ke kashe mutum, don haka aka yi mata hanyar ɗebo zafin inji ta hura wa na ciki. Baturen da ya fara hawanta a Kano ya ɗaure hannun ne don kada wani ya taɓa shi bisa kuskure.

"Ga ɓarawon," in ji Uwaisu. "An ɗaure mata ƙarfi. Shuɗi ƙaramin sanyi ne, ja shi ne babba." Ya datse wayar, amma bai zame hannun ba. Ya ce babban sanyi sai ranar manya.

Game da tiyon kuwa, ya tsara cewa ran Asabar zai sayo ƙanƙara a wani gidan sanyi a Bompai inda ake ajiye daskararren kifi, ya zuba a daro, ya tura ƙarƙashin gaban mota ta ciki, inda fanka ke zuƙar iska, ya rufe da darduma. Na wucin gadi ne, kafin a ba shi ofis.

Ran Juma'a da hantsi ya murɗa makulli don gwaji. Motar ta yi ƙyas, ta yi shiru. Fankar da ta wuni tana hura masa tunani ta shanye batir.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san maganin motar da ta ƙi tashi. A tura ta, in ta ɗauki gudu direba ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Jirgi ba ta da kulocin da za a saki, kuma turi ba ya tada irinta. Ba wanda ya gaya wa Uwaisu haka, shi kuma bai tambaya ba. Ya kira masu hutun hantsi, Kanawa zalla, suka dafa bayanta. Suka tura har jijiyoyin wuya suka fito. Ko gezau. Sandar giyar tana inda ake kulle ƙafafun motar in an ajiye ta.

"Kanawa, koko kuka sha ko ruwan koko?" in ji Uwaisu daga ciki. "A kira mini mutanen Damagaram."

A masaƙar akwai ma'aikata da yawa daga Nijar, babbansu wani ƙato mai suna Idrisu, kuma tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai tsohon wasa wanda ba ya buƙatar dalili. Idrisu ya iso yana naɗe hannun riga.

"Ku matsa, bayinmu. Ku ciniki kuka iya. Ku tsaya can ku yi mata farashi, mu za mu tura."

"Ku da kuka saba tura jaki a rairayi," in ji wani Bakano. "Ku yi a hankali, wannan ba a dukanta."

Daidai lokacin da Damagarawa suka dafa, gwiwar hannun Uwaisu ta bugi sandar giyar ta zame. Motar ta mirgina. Idrisu ya waiwayi Kanawa ya yi musu wani kallo da ya fi magana ciwo. Nan take Kanawa suka afka suka dafa su ma, don kada a ce. Jirgi ta ɗauki gudu daga bakin ƙofa ta nufi sashen rini, mutum kusan talatin a bayanta suna kabbara. Da Uwaisu ya ji gudu ya kai, sai ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci kamar yadda ta saba gani ana yi, ta taka abin da ta samu iya ƙarfinta. Birki ne, mai faɗi, mai kamawa.

Na gaba suka manne da but ɗin motar, na baya suka manne da na gaba. Idrisu ya ɗago yana riƙe da hanci.

"Malam Uwaisu, turawa muke yi ko tsayarwa?"

"Kaɗan ya rage. Na ji ta tana shirin kamawa. A juya."

Aka juya. Aka sake, birkin ma ya sake. A zuwa na uku masu turin suka koyi sakin motar kafin ƙafar ta sauka, sai Uwaisu ya ce ga dalilin da ta ƙi tashi nan, ana yi mata rowar ƙarfi a ƙarshe. Kanawa suka ce laifin Damagarawa ne, Damagarawa suka ce motar ce ta gane hannun Kanawa ta ƙi. Ana cikin haka Alhassan direban babbar motar auduga, wanda suka tare wa hanya tun ɗazu yana ta oda, ya sauko, ya ciro batirin motarsa ya jona, don dai a ba shi wuri. Jirgi ta tashi.

"Kun gani?" in ji Uwaisu. "Turin ne ya sassauta ta."

Ya zaga harabar sau ɗaya a hankali. Ta tafi, ba laifi. Inda ta bi kuwa ta bar ɗigon jar kumfa a ƙasa. Baffa Tijjani ya leƙo daga sito ya tambaya ko an yi yanka ne ba a sanar da shi ba. Uwaisu ya ce tsohon ciwo ne ke fita.

Ran Asabar direban Alhaji, wanda ya kalli duk abin da aka yi wa motar tun Litinin, ya tashi da zazzaɓi. Uwaisu ya ce haka ya fi kyau, mai gyara shi ya fi cancanta ya ja. Ya zo sanye da farar rigar aiki da ya ɗinko a Panshekara, don kada a ba shi kujera a tsaya jiran tela. Ƙanƙarar da ya ɗauko da safe cikin buhu ta rage rabi, amma ta cika daro.

Fitowar Alhaji da Hajiya Bara'atu daga ofis ta zo daidai da jiniyar canjin aiki. Masu aikin safe na fita da kekunansu, masu aikin yamma na shigowa, waɗanda suka yi turi jiya kuwa suka jingine kekunan suka nemi inuwa. Atika ta rufe tukunya ta hau kan benci.

Hajiya dattijuwa ce mai jiki, ta sha leshi da mayafi. Ta dubi Uwaisu daga hula har takalmi.

"Isyaku, wannan ne injiniyan?"

"Shi ne, Yaya."

"A ina ya yi karatu?"

"Bompai, ranki ya daɗe," in ji Uwaisu.

"Da nisa," in ji ta, ta shiga.

Ya tada mota ya kunna fanka. Wata iska mai sanyi ta ratso zuwa kujerar baya. Alhaji ya ɗaga gira. Hajiya ta gyara zama ta ce to, ba laifi. Uwaisu ya ji babur ɗin kamfani a ƙarƙashinsa. Sai Hajiya ta ɗan ja hanci.

"Isyaku, kifi ka saya?"

"A'a, Yaya."

"Sabon gas ne, ranki ya daɗe," in ji Uwaisu. "Haka yake yi kafin ya saba da mota."

"Daga teku ake haƙo shi?"

"Wannan ma ɗanɗano ne. Bari ku ji ainihin aikin."

Ya sa giya, motar ta fara tafiya, ya zame ɗan hannun nan har ƙarshen jan zane. Injin Jirgi babba ne, kuma ya daɗe yana neman inda zai kai zafinsa. Kafin su kai rabin harabar iskar ta juya. Zafi ya sauka kan daron ƙanƙara, tururi mai ƙarnin kifi ya taso ya lulluɓe gilasai. Wani mai keke ya gifta, ƙafar hagu ta yi aikinta na jiya, hular Alhaji ta koma kujerar gaba, daron ya kife, ruwa ya kwararo ƙarƙashin kujera ya tarar da ƙafafun manya.

"Sauke gilashi, Isyaku."

Alhaji ya danna maɓalli. Gilasan motar da lantarki suke sauka, wayarsu kuma tana cikin waɗanda Uwaisu ya ce ba su da aiki.

"Ni na kulle su, ranki ya daɗe, don kada sanyi ya fita."

"Wane sanyin?"

"Yana tafe."

"To ka ce ya same mu a Nassarawa. Yaro, dafa mu aka ce ka yi ko turarawa? In turarawa ne ka faɗa in cire zobe."

Maigadi ya wangale ƙofa ya ƙame. Jirgi ta fita, ta hau tsakiyar titi, ta tsaya a gicciye. Uwaisu ya taka totur. Injin ya yi ruri kamar zai tashi sama, motar ba ta gusa ba. Ya ƙara takawa. Jar kumfa ta ɓarko daga ƙarƙashi ta malale kan kwalta, wadda ta taɓa salansar motar mai zafi ta tashi da hayaƙi. Motocin kamfanonin maƙwabta suka jeru hagu da dama suna oda. Hajiya ta buɗe ƙofa za ta fita, ta ga abin da ke ƙasa, ta mayar ta rufe.

"Ba na taka jinin abin da ban san wa ya yanka ba," in ji ta.

Idrisu ya matso ya goge gilashin direba da hannun riga ya leƙa. "Malam Uwaisu, a tura?"

"Mu mun yi ritaya," in ji Kanawa daga inuwa.

Uwaisu ya kama sandar giya yana kai ta yana kawo ta. Gaba babu, ƙaramar giya babu, wadda ke ƙasa da ita ma babu. Da sandar ta faɗa ribas sai Jirgi ta zabura, lafiyayyar tafiya irin wadda ba ta yi ba tun zamanin Bature. Ta koma ta ƙofar da ta fito, maigadi ya sake ƙamewa tunda ba a ce ya daina ba, ta ratsa harabar, ma'aikata na darewa, ta tsaya a ƙofar ofis, daidai inda aka hau.

Hajiya Bara'atu ta fito, mayafinta ya manne da jiki, takalmanta na fitar da ruwa. Ta dubi ginin sama da ƙasa.

"Alhamdu lillahi, mun iso lafiya. Isyaku, gidan walimar nan ya yi kama da masaƙarmu."

Dariyar da ma'aikata suka daɗe suna riƙewa ta ƙwace. Atika sai da ta sauko daga benci ta zauna. Alhaji ya fito ya matse bakin babbar rigarsa, ya karɓi hularsa, ya sa, ya gyara mata zama. Bai ɗaga murya ba.

"Uwaisu, gaba ba ta zuwa?"

"Tukuna, ranka ya daɗe. Amma kun ga bayan da kanku. Rabin aikin ya kammala."

"Na gani. Tunda rabin nan yana da kyau, yi amfani da shi. Kai ta Bompai wurin mutanen da suka ce a jira Legas."

"Yanzu? Da baya?"

"Da wanne kake da shi?"

"Maganar gareji fa, ranka ya daɗe?"

"Yaya, kin ji sanyi?" in ji Alhaji.

"Na ji, sa'ad da na fito rana."

Hajiya ta tafi walima a gaban motar audugar Alhassan, Alhaji a gefenta. Ta ce ko ba komai tagarta tana buɗewa.

Uwaisu kuwa ya fita da Jirgi ta baya, ƙofa a buɗe, rabin jikinsa a waje, wuya a murɗe. Ya bi ta Gandun Albasa ya ɓulla Ƙofar Nassarawa, masu kekuna na masaƙar na yi masa rakiya suna share hanya. Ɗan sanda mai ba da hannu ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, ya rasa sunan laifin, ya sauke. A Bompai makanikai suka kwance giyabos suka tsiyaye abin da ke ciki a kwano, suka kira junansu aka taru a kai. Babbansu ya jima yana kallo, sannan ya tambayi Uwaisu ko za a iya samun irin launin nan a shadda.

Ran Litinin aka ba wani gareji. Uwaisu ya koma bin injuna da gwangwaninsa, wuyansa ya ƙage yana kallon kafaɗa, har sai ya juya wa mutum baya kafin su haɗa ido. A bencin Atika ya bayyana cewa shi ya ƙi kujerar, don zaman ofis yana kashe basira.

"Kuma ku bincika," in ji shi, yana magana da su ta kan kafaɗa, "tun da aka kafa Kano, wa ya taɓa jan mota daga Sharada har Bompai da baya in ba ni ba?"

Cikin duk abin da Uwaisu ya taɓa faɗa game da kansa, wannan ne kaɗai za a iya samun mutum ɗari su rantse a kai.